Man bwat otomatik na motocin fikof: jan launi ba shi ne shaida ba

A shekarun baya da wuya a ga fikof mai giyar otomatik a garejojin Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Direbobin daji sun fi yarda da giyar hannu, saboda ko batir ya mutu ana tura motar ta tashi, kuma kusan kowane makanike ya san cikinta da wajenta. Yanzu abin ya sauya. Hilux, Navara, L200 da Ranger masu otomatik suna ƙara yawa a kan tituna. Wasu an saye su daga hannun furoje-furoje da ƙungiyoyi bayan sun gama aiki da su, wasu kuma na hannu ne da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, ciki har da Tacoma da Tundra waɗanda aka ƙera domin kasuwar Amurka. Hatta Land Cruiser 79, dokin masu ratsa hamada, wadda kowa ya sani da giyar hannu, Toyota ta fitar da mai otomatik ɗinta a ƙarshen 2023.

Motocin sun iso, amma sanin man da suke sha bai biyo su da sauri haka ba. A kantunan kayan gyara da dama, in mai mota ya ce yana son man bwat otomatik, jan mai kawai ake miƙo masa, ko da wane iri ne a kan kanta. Shi ma ba ya tambaya, tunda ja ne kuma an rubuta ATF a jikin galan ɗin. Daga nan asarar take somawa, sai dai ba ta bayyana a ranar. Sai bayan watanni, lokacin da motar ta fara fizga wajen sauya giya, ko ta tsaya da lodin albasa tsakanin Galmi da Ƙonni, inji na ihu amma taya ba ta juyawa. Ita kuwa bwat otomatik, wato akwatin giyar da a Najeriya ake kira giyabos, tana cikin kayan da suka fi tsada a jikin mota, kuma masu iya buɗe ta su gyara da kyau ba su da yawa in an bar manyan birane.

Abin da man yake yi a ciki

A bwat ta giyar hannu aikin mai ɗaya ne, ya shafe haƙoran ƙarfe kada su ci juna. A ta otomatik kuwa man ne ke yin aikin direba da na kuloci gaba ɗaya.

Tsakanin inji da bwat akwai wata rufaffiyar tukunya ta ƙarfe da makanikai ke kira konbertisar. A cikinta akwai abu kamar fanka biyu suna fuskantar juna. Inji yana juya ta farko, ita kuma ta watsa mai a kan ta biyu, ta biyun ta juya ta kai ƙarfi ga tayoyi. Ma'ana, sa'ad da mota ke tashi daga tsaye da buhu 15 na wake a bayanta, babu ƙarfen da ya haɗa inji da taya, mai ne ke ɗauke da nauyin. Bayan haka akwai famfo da ke matsa man ya bi ta wasu ƙananan hanyoyi masu kama da gidan tururuwa, inda bawul-bawul ke buɗewa da rufewa bisa umarnin kwamfutar motar. Matsin wannan man ne ke danne wasu fayafayai siraran da aka liƙa wa wani abu mai kama da takarda, su kama juna, giya ta shiga. Man ne kuma ke kwashe zafin da duk wannan aiki ya haifar ya kai shi radiyeta.

Wajen fayafayan nan ne maganar zaɓe ta fi nauyi. Ana son su zame kaɗan, na ɗan ƙiftawar ido, sannan su kama daram. In man ya cika santsi, sai su yi ta zamewa suna ƙonewa. In santsinsa ya gaza, sai su cafke da ƙarfi, direba ya ji kamar an daki motar ta baya. Kowane kamfani ya ƙera fayafayansa kuma ya tsara kwamfutarsa bisa wani takamaiman santsi da wani takamaiman kauri na mai. Sinadaran da ke daidaita wannan santsi ba a ganin su da ido, ba a jin su da yatsa. Har zuwa farkon shekarun 1970, da man wata ƙatuwar dabbar teku da Faransawa ke kira cachalot ake samun santsin, kafin a hana farautarta masu harhaɗa mai su koma ga sinadaran masana'anta.

Jan launin kuma rini ne kawai. Ana zuba shi domin in mai ya ɗiga a ƙasa a gane na bwat ne ba na inji ba. Galan biyar na iya zama ja iri ɗaya alhali babu biyu a cikinsu da za su maye gurbin juna. Kama da wane ba ta wane. Akwai ma man otomatik da ba ja ba ne sam: wanda kamfanin ZF na Jamus ke yi wa bwat ɗinsa mai giya 8, irin wadda ke cikin Volkswagen Amarok da Ram 1500, launinsa ya fi kusa da kore.

Sunayen da ke jikin galan

Sunan da ya fi yawo a kasuwa shi ne Dexron. Ba sunan kamfanin mai ba ne. Ƙa'ida ce da General Motors ta Amurka ta fitar a 1967, ta ce duk man da ya cika ta zai iya ɗaukar sunan. An yi Dexron II, aka yi Dexron III a 1993, sannan Dexron VI a 2005. Shekaru da yawa kamfanonin Japan ma da Dexron II da III suke aiki, shi ya sa tsofaffin makanikai suka saba da cewa man otomatik ɗaya ne, kuma a zamaninsu kusan gaskiya suka faɗa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne General Motors ta daina ba da lasisin Dexron III tun ƙarshen 2006. Duk galan ɗin da aka rubuta wa Dexron III, DIII ko D3 a yau, maganar mai harhaɗa shi ce kawai, babu wanda ke bin diddiginta. Daga kamfani mai suna, wannan ba matsala ba ce, kuma tsofaffin motoci na buƙatarsa. Daga galan ɗin da ba a san asalinsa ba kuwa, sunan bai tabbatar da komai ba.

Tunda Toyota ce ta fi yawa a ƙasar, daga kanta ya kamata a soma. Iri uku take da su da suka shafi fikof. Tsofaffin Hilux masu giya 4 na shekarun 1990 Dexron II ko III suke sha. Daga baya aka koma T-IV, wanda wasu kamfanoni ke rubuta wa JWS 3309, kuma shi ne na yawancin Hilux masu giya 4 na bayan 2005. Sai WS, ko JWS 3324, na bwat mai giya 5 da ake kira A750 da kuma mai giya 6 da ta zo da Hilux ta 2015. Toyota da kanta ta bayyana cewa WS da T-IV ba sa maye gurbin juna, kuma ba a gauraya su.

Tacoma ta nuna yadda sunan mota ke ruɗar mutum. A samfurin 2005 zuwa 2015, mai inji silinda 4 da giya 4 tana shan T-IV, mai inji V6 da giya 5 tana shan WS. Suna ɗaya, shekara ɗaya, jiki ɗaya, mai daban. Don haka tambayar «wane mai Tacoma ke sha?» ko «wane mai Hilux ke sha?» ba ta da amsa. Tambayar da ke da amsa ita ce wace bwat ce a cikin wannan motar.

Haka abin yake ga sauran. Navara mai giya 5 an fitar da ita da Matic J, daga baya Nissan ta maye gurbinsa da Matic S, wanda shi ne kuma na mai giya 7. Tsofaffin L200 na Mitsubishi SP-III suke sha, amma na baya-bayan nan sun koma wani mai na daban. Ford na da jerin nata mai suna Mercon: Ranger ta da mai giya 5 tana shan Mercon V, wadda ta fito daga 2011 mai giya 6 tana shan Mercon LV, mai giya 10 kuma Mercon ULV. Harafi ɗaya ko biyu ne ya raba sunayen, amma Ford ta hana a musanya su.

Duk wanda ya lura zai ga cewa sababbin sun fi tsofaffin tsinkewa. A zafin digiri 100, kaurin Dexron III da T-IV ya ɗan haura 7 a ma'aunin da masu mai ke amfani da shi, na WS da Mercon LV da Dexron VI yana tsakanin 5,5 da 6, na ULV kuma wajen 4,5. An tsinka su ne domin rage shan gazuwal da isansi, aka kuma matse hanyoyin cikin bwat daidai da su. Wannan ne ya sa dabarar da wasu ke yi ta zuba mai kauri, wai saboda ƙasar zafi ce, ba ta da amfani a nan. Dabara ce da aka ɗauko daga baƙin man inji. A bwat ta zamani mai kauri yana jinkirta bawul, giya ta shiga a makare, fayafayai su ƙara zamewa, zafin da ake gudu ya ƙaru.

Inda ake samun amsa

Littafin motar shi ne wuri na farko, amma motar hannu ba kasafai take zuwa da shi ba, kuma kart giriz ba ta faɗin nau'in bwat. Duk da haka motar da kanta tana ɗauke da bayaninta.

In akwai sandar awon man bwat a ƙarƙashin bonet, a zaro ta a goge a karanta. Toyota kan buga sunan man a jikin sandar ko a hannunta, misali D-II ko T-IV. In babu sandar gaba ɗaya, wannan ma alama ce: bwat ɗin rufaffiya ce, kuma a Toyota galibi ana samun haruffan WS a buge a kan bushon ɗin da ake zuba mai ta gefen bwat. Akwai kuma ƙaramin allo ko takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ɗakin inji, mai ɗauke da lambar shasi. A motocin Toyota akwai layin da aka rubuta A/TM ko TRANS/AXLE, a gabansa kuma lambar bwat, kamar A340F, A343F, A750F ko AC60F. Da wannan lamba, ko da lambar shasi mai alamomi 17, wakilin kamfanin ko bincike a intanet zai ba da sunan man ba tare da canki-canki ba.

Akwai tarko ɗaya. A motocin da suka daɗe a ƙasa, ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa sauya bwat da wata ta feray, wadda aka ciro daga mota ta wata shekara. A irin wannan hali allon ƙofa yana ba da labarin bwat ɗin da ta riga ta tafi. Sai makanike ya shiga ƙarƙashi ya karanta ƙaramin allon da ke jikin bwat ɗin kanta.

Fikof katkat tana da wurare da yawa da ke shan mai, kuma yaron gareji na iya rikita su. Pon na gaba da na baya man giya mai kauri suke sha, irin 80W-90 ko 75W-90, mai warin kibiritu, wanda in ya shiga bwat otomatik ta gama yawo. Akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, a Hilux man giya yake sha, a wasu motocin kuma ATF. Sitiyarin Hilux mai famfo Dexron II ko III yake sha, ko da bwat ɗinta WS take so. Wato jan man da mai kanti ya miƙo yana iya zama daidai ga motar, amma ga sitiyarinta. Sai man da aka rubuta wa CVT, irin NS-2 da NS-3 na Nissan: na ƙananan motoci ne masu wata irin bwat ta daban mai aiki da bel na ƙarfe, ba shi da wuri a waɗannan fikof.

A gaban kanta

Sanin sunan rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne samun galan ɗin da abin da ke cikinsa ya yi daidai da abin da ke jikinsa.

Man kamfanin motar, in an same shi daga hannun amintacce, shi ya fi kwanciyar hankali. Amma ba dole sai shi ba. Toyota ba ta da matatar mai, wasu ne ke harhaɗa mata. Aisin, kamfanin da ke ƙera yawancin bwat otomatik na Toyota, yana sayar da nasa T-IV da WS da sunansa, Idemitsu na Japan ma haka, Mobil kuma na da ATF 3309. Abin da ake nema a bayan galan shi ne ainihin sunan ƙa'idar, harafi da harafi.

Masu karanta Faransanci su lura da kalmomin. «Homologué» ko «approuvé» na nufin kamfanin motar ya gwada ya amince, kuma Dexron VI na gaskiya yana ɗauke da lambar lasisi mai farawa da harafin J. «Convient pour» ko «recommandé pour» kuwa ra'ayin mai harhaɗawa ne. Ba lalle ƙarya ba ce, musamman tunda Toyota ba ta ba wa kowa lasisin WS, don haka duk wani WS na waje a wannan sahu yake. Sai a auna da sunan kamfanin. Abin da ya kamata ya sa mutum ya ja baya shi ne galan ɗin da ya jera Dexron III, T-IV, WS da ULV duka a layi ɗaya. Mai ɗaya ba zai zama mai kauri kuma tsinkakke a lokaci guda ba. Manyan kamfanoni da ke yin man «multi-véhicules» sukan raba shi gida biyu, na tsofaffi da kuma mai alamar LV na sababbi, kuma wannan rabon alama ce ta cewa sun san abin da suke yi.

Batun jabu kuma ba ɓoyayye ba ne ga duk mai hulɗa da kasuwar mai. Ana tsintar galan na asali da aka gama da shi, a cika shi da mai mai araha, a ɗiga rini, a mayar da marfi. Saboda haka a duba zoben marfin da takardar da ke liƙe a bakin, a duba ko rubutun ya dushe ko akwai kuskuren haruffa, a kuma yi shakkar farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa. Bambancin ƴan jikkuna tsakanin galan biyu ba komai ba ne in aka kwatanta da kuɗin sauke bwat. Ya fi kyau mai mota ya sayo man da kansa, a buɗe a gabansa, in an gama a huda galan ɗin kafin a yar. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda babu suna babu marfi, ba na bwat otomatik ba ne ko da ya fi zoɓo ja.

Zafi, rairayi da maganar «mai na har abada»

Wasu masu sayar da mota kan ce bwat ɗin rufaffiya ce, ba a taɓa canza mata mai. Gaskiya ne cewa kamfanoni sun rubuta haka game da WS da makamantansa, amma da sharaɗin tuƙi na yau da kullum a kan kwalta. A littattafan nan akwai wani shafi na biyu, na aiki mai wuya: jan tirela, lodi mai nauyi, ƙura, hanya marar kwalta, zafi mai tsanani. A jadawalin Toyota na Amurka, Tacoma ko Tundra da ke jan kaya ana canza mata WS a mil 60.000, wajen kilomita 96.000 ke nan. Abin da littafin ke kira aiki mai wuya, shi ne aikin kullum na fikof a hanyar Dakwaro ko ta Tanut.

Man bwat ya fi son zama a wajen digiri 80. A ƙa'idar da masu harkar mai suka daɗe suna amfani da ita, duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage tsawon ransa da kusan rabi. A Afrilu da Mayu, sa'ad da iskar gari kanta ke haura digiri 40, radiyeta ba ta da sararin sanyaya shi sosai. Rairayi ya fi komai gasa shi, domin a nan konbertisar ke ta zamewa, inji na gudu mota na rarrafe, duk ƙarfin da bai kai taya ba kuwa zafi yake komawa a cikin man. Direban da ya rage iskar taya ya sa 4L ya tausaya wa bwat ɗinsa fiye da wanda ya bar ta a D yana ta taka totur. In fitilar A/T OIL TEMP ta kama, a tsaya a sa P a bar inji na aiki har ta mutu. Kashe inji nan take yana tsayar da famfon da ke zagaya da man.

A irin wannan yanayi, juye tsakanin kilomita 40.000 da 60.000 ba almubazzaranci ba ne ga motar da ke aikin daji da lodi. Wadda ba ta barin kwaltar Yamai na iya wuce haka.

Man da kansa yana ba da labari in an ɗiga shi a kan farar takarda. Ja mai haske lafiya lau. Ruwan ƙasa kamar shayin da ya daɗe a wuta, lokacin juye ya yi. Baƙi mai ƙauri, fayafayai sun soma ƙonewa. WS kan yi duhu da wuri ba tare da ya lalace ba, don haka a haɗa da hanci. Mafi muni shi ne ya koma kamar zoɓon da aka zuba wa madara: ruwa ya shiga. Ko dai bututun sanyaya man da ke cikin radiyeta ya fashe, matsalar da aka sani a Nissan Frontier na 2005 zuwa 2010 har kamfanin ya tsawaita garantinsu a Amurka, ko kuma motar ta ratsa ƙorama da damina ruwa ya bi ta hancin numfashin bwat. Ruwa yana ɓamɓare abin da aka liƙa wa fayafayai. Motar da aka ga haka a cikinta ba a ƙara tuƙa ta ko zuwa gareji, ɗaukar ta ake yi.

Ranar juye

Bwat ɗin Hilux ko Tacoma tana ɗaukar lita 10 zuwa 11, amma in an kwance bushon na ƙasa lita 3 zuwa 4 kawai ke fita. Sauran yana maƙale a konbertisar da bututu. Wannan na da ma'ana biyu. Ta farko, sabon mai zai gauraya da tsoho, don haka in an san an taɓa zuba wanda bai dace ba, juye ɗaya ba zai wanke shi ba. Ta biyu, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yi juye, a yi tafiyar ƴan kwanaki, a sake, har sau uku. Tunda kowane juye na fitar da wajen kashi ɗaya cikin uku, bayan na ukun kusan kashi 70 cikin 100 na man sabo ne. In an sauke tasar ƙasan bwat, a wanke mayen ƙarfen da ke cikinta a duba matata. Laushin toka-toka a jikin mayen ƙarfe ba abin tsoro ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli shi ne mugun labari.

Akwai tsohuwar magana a garejoji cewa in man ya yi baƙi kada a taɓa shi, sabon mai ne ke kashe bwat. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Bwat ɗin da fayafayanta suka riga suka cinye, garinsu da ke yawo a cikin tsohon man shi ke ɗan taimaka musu su kama. In an zubar da shi, ciwon da ke ɓoye ya fito fili. Sabon man bai kawo cutar ba, tarar da ita ya yi. Ga irin wannan mota, juye kaɗan-kaɗan ya fi wankin inji mai matsa mai da ƙarfi, kuma makanike mai gaskiya zai faɗa wa Alhaji tun kafin a kwance bushon cewa bwat ɗin na iya neman buɗewa ko an canza ko ba a canza ba. Kwalaben da ake tallata wa cewa suna hana zamewa ba sa mayar da abin da ya cinye, sai dai su ɓata daidaiton santsin man da aka saya da tsada.

Awo shi ne mataki na ƙarshe, kuma a nan ne aikin da aka yi da mai na ƙwarai ke iya lalacewa. In man ya gaza, famfo na shan iska. In ya yi yawa, sai ya yi kumfa, ita ma kumfa ba ta riƙe matsi. Mai sandar awo ana auna ta ne a fili mai daidai, inji na aiki, bayan an zagaya da giya ta kowane matsayi an dawo P, a karanta alamar HOT in motar ta ɗau zafi. Rufaffiyar kuwa tana da wani ƙaramin bushon a jikin tasa wanda rarar mai ke fita ta cikinsa, kuma ana buɗe shi ne sa'ad da man ke cikin wani ƙayyadadden zafi, wanda a motocin Toyota ke faɗawa tsakanin digiri 35 da 55 gwargwadon nau'in bwat. Mai yana kumbura da zafi. In an buɗe bushon ɗin bayan ya wuce iyakar, fiye da ƙima zai zube, mota ta fita gareji da ƙarancin mai alhali kowa na ganin an cika.

Waɗanda suka rubuta wannan ƙa'ida suna tunanin garejin da sai an jira mai ya ɗumama. A Damagaram da bazara, da tsakar rana, motar da ko tashe ta ba a yi ba tana iya kaiwa digiri 40 a tsaye. Don haka aikin na sassafe ne, da motar da ta kwana a garejin, da kwamfutar duba mota a haɗe tana nuna zafin man. Garejin da ba shi da wannan na'ura yana da hanya ɗaya da ta rage: a auna abin da ya fita da mazubi mai alamar lita, a mayar da daidai shi, tsoho da sabo duka suna da sanyi ɗaya, muddin bwat ɗin ba ta yoyo tun da farko.

In an gama, a rubuta sunan man da kilomita da kwanan wata a takarda a liƙa a ginshiƙin ƙofa, domin direba na iya sauyawa, makanike ma haka. Mai shirin doguwar tafiya zuwa Agadas ko Difa kuma ya sa lita biyu na irin mansa a bayan kujera, tare da ɗan famfon hannu da tiyo in bwat ɗinsa rufaffiya ce, tunda ta gefe ake ɗura mata daga ƙarƙashi. In kuma ta lalace a hanya har sai an ja ta, a kwance sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi tukuna, domin in inji ba ya aiki famfon man ma ba ya aiki, cikin bwat zai yi ta juyawa a bushe tsawon tafiyar.